Kimba Kumasi da Shuɗin Bangonsa

Kimba Tinni mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya ƙin zuwa jana'iza, in ya yanka kaza kuwa sai maƙwabta sun sha romo. Aibinsa guda ɗaya ne tak, sai dai guda ɗayan nan in aka raba wa mutum goma kowa zai samu rabo mai tsoka. Kimba ya yarda da abin da ido ya gani a waje, kuma ba a gaya masa magana ya ji. Zaman da ya yi a Kumasi yana sayar da gwanjo shi ya jawo masa. Tun da ya dawo Tondibangu, garinmu na bakin kogin Isa, ba a buɗe zance a rufe bai ce "a Kumasi" ba. In ka ce rana ta yi zafi, sai ya ce ta Kumasi ta fi ladabi. Da haka aka bar ce masa Kimba Tinni aka koma Kimba Kumasi, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Mu nan da tubalin ƙasa muke gini, mu yaɓe da ƙasa, mu jera azarar giginya mu rufe da ƙasa. Damina ta lashe yaɓe, rani mu mayar. Kimba ya ce wannan wahalar waɗanda ba su yi yawon duniya ba ce. Da ya tashi gina babban ɗakinsa mai fuskantar kogi, da tubalin ƙasa ya gina kamar kowa, don aljihun bai kai na bulo ba. Amma ya sa aka lulluɓe bangon da siminti ciki da waje, ya bi shi da shuɗin fenti. Ɗakin matarsa Mintu da ke can baya a kan ɗan tudu kuwa ya bar shi da yaɓen ƙasarsa, tunda ba mai ganinsa daga hanya. Shuɗin ɗakin ya yi kyau, gaskiya dai gaskiya ce. Masu kwale-kwale da shi suke kwatance. An ce har wani baƙo ya taɓa kawo matarsa tana naƙuda, ya ɗauka asibiti ne.

Mutum ɗaya ce a garin shuɗin fentin bai taɓa burgewa ba, ita ce Gambi, 'yar kawunsa, taubashiyarsa. Gidanta na dab da mashigar kwale-kwale, inda take sayar da soyayyen kifi da kwaɗon zogale. Bakinta ya fi wuƙar gyaran kifinta kaifi, kuma tun suna yara ba ta taɓa kiran sunansa ba sai dai "bawana". Shi kuma ya ce mata tsohuwar kada. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi, ba a kai ƙara, abin da aka faɗa maka sai ka haɗiye ko ka rama.

Ana nan sai shekarar babban ruwa ta zo. Kogi ya cika ya batse, ya haye gonakin shinkafa, ya shigo gari ba sallama. Muka kwashe yara da awaki da buhunan gero muka koma makarantar kan tudu. Ruwa ya zauna a unguwar bakin kogi har cinyar babban mutum, ya yi zamansa kamar baƙon da ba ya jin habaici. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Da ya gaji don kansa ya janye, muka sauko muna duba abin da ya bar mana.

Kowane gida da irin rauninsa. Wani gindin bangonsa ya zaizaye kamar an gatsa, wani katangarsa ta kwanta. Ɗakin Kimba kaɗai ke tsaye yana sheƙi, in ban da wani zane mai ruwan ƙasa da ya nuna inda ruwa ya tsaya. Kimba ya ɗauki tsumma ya goge zanen, ya ja baya ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Kun gani ko? A Kumasi ruwa gaida siminti yake yi ya wuce."

Mutanen gari suka shiga gayya, yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Aka buɗe ƙofofi da tagogi iska ta shiga, aka kankare yaɓen gindin bango don danshi ya samu hanyar fita, aka tokare azara da itace, aka zare tubalin da ya jiƙe aka sa busasshe. Mintu ta dafa dambu ta kira matasa suka gyara nata ɗakin. Kimba kuwa ya sa kujera a inuwar shuɗin bangonsa yana shan shayi yana ba masu aiki shawara daga nesa.

Gambi ta zo wucewa da tiren kifi a ka, ta tsaya ta ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ta kara kunne.

Ta ce, "Bawana, wa ka ajiye a ciki? Na yi sallama na ji an amsa."

"Wuce ki ba ni wuri, tsohuwar kada. Ke da kike kwana cikin ramin ƙasa me kika sani game da gini?"

"Na san gyaɗa. Wadda ɓawonta ya fi kyau ita ce in ka fasa sai ka tarar da ƙura. Ruwa ta ƙasa ya shiga bangon nan, tubalin ya sha ya ƙoshi, ka kuma ɗaure masa baki da siminti. Ta ina kake so ya fita? Ta kunnenka?"

Masu gayya suka kwashe da dariya, Kimba ma ya yi tasa. Ai maganar taubashiya ce. Da Gambi za ta ce masa rigarsa ta kama wuta, sai ya gama shayinsa kafin ya duba.

Ba a jima ba ɗakin ya fara magana da bakinsa. Ƙofar da a da yaro ke turawa da yatsa ta soma cijewa, sai an sa kafaɗa. Mintu ta ce, "Baban Bibata, ƙofar nan ba haka take ba. Anya ba bangon ne ke zama ba?" Kimba ya ce katakon ne ya kumbura, ya ciro ƙofar ya fere gefenta. Ta sake cijewa, ya sake ferewa, har ƙofar ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya, kaji na shiga ta ƙarƙashinta ba tare da sun sunkuya ba.

Sai wani farin gari kamar kanwa ya feso a gindin bangon, fenti ya yi ƙuraje yana ɓarewa. Kimba ya kankare ya ƙara sabon fenti. Tabarmar da aka jingine a kusurwa ta yi baƙin fumfuna, ɗakin ya ɗauki wani wari irin na tsohuwar rijiya. Kimba ya sayo turaren wuta, ya rufe tagogi ruf don kada ƙamshin ya tsere. Wata siririyar tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama. Kimba ya ɗauko lurun aurensu, bargo saƙar hannu mai ja da baƙi, ya rataye a kai. Ya ce dama wurin yana neman ado.

Har tururuwa sai da suka yi nasu wa'azin. Wata safiya aka gan su sun yi layi daga gindin bangon, kowace da ƙwanta a baki, sun nufi tudu. Mintu ta nuna masa. Ya ce, "Madalla, ƙazanta ta san inda ba a son ta."

Duk wannan da a kansa kaɗai zai ƙare da da sauƙi. Amma sai ga saƙo daga Yamai cewa Bibata, 'yarsu ta fari da ke aure can, ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. In an yi suna za a kawo ta gida wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Kimba ya yi murna har ya manta da ambaton Kumasi na wuni guda. Nan take ya yanke hukunci: jikansa na fari ba zai kwana a ɗakin ƙasa ba. Ya kwashe kayansa daga shuɗin ɗaki, ya sa sabon gado da sabon gidan sauro, ya jingina gadon da bangon da ke fuskantar kogi, daidai ƙarƙashin lurun nan, don in 'yan barka sun shigo abin da ya fi kyau su fara gani.

Mintu ta same shi bayan ya ci abincin rana, lokacin da take ganin zuciyarsa ta fi laushi.

Ta ce, "Baban Bibata, ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba. Ka bar yarinyar nan ta sauka a ɗakina. Ƙarami ne amma busasshe ne. Ka taɓa bangon can da tafin hannunka ka ji, rana tsaka sanyi yake kamar randa. Ƙasar da ke saman azarar nan ta fi nauyin shanu biyar. Jariri fa za a kwantar."

"Mintu, so kike dangin mijinta su koma Yamai su ce Kimba ya sauke jikansa a akurki? Ɗakin da ya tsaya wa kogi ne zai kasa tsaya wa jinjiri? Gambi ce ta zuba miki wannan maganar a kunne, na sani. Ita wasa take, ke kin ɗauka da gaske."

Mintu ta kwashe kwanuka ta fita. Da la'asar ta yafa gyale ta ce za ta je gidan Gambi aron gishiri. Aron gishirin nan ya daɗe ƙwarai, kuma da ta dawo ba gishiri a hannunta.

Ranar zuwan Bibata gari ya taru a ƙofar gidan Kimba tun hantsi. An yanka rago, an ɗora shinkafa, makaɗa sun zo ba a gayyace su ba. Kimba ya sha babbar riga, ya ajiye ƙwaryar goro da turmin atamfa kusa da shi. Ya san al'ada: jikan fari ba ya shiga gidan kakansa kai tsaye, sai taubasai sun tare shi sun karɓi fansa. Ya kuma san wadda za ta tare. Kwale-kwale na tsayawa kuwa Gambi ta miƙa hannu ta karɓe jaririn, ta ja Bibata da 'yan rakiya ta shige gidanta da su. Can an jima ta fito ba tare da Bibata ba, da yaron a goye, mata na bin ta da guɗa, ta zo ta tsaya nesa kaɗan da shuɗin ɗakin.

Ta ce, "Ina bawana? Ga jikan bawana na kama. Fito ka fanshe shi, in ba haka ba in koya masa gyaran kifi."

Kimba ya tura mata goro da atamfa yana murmushi. "Ungo, mayunwaciya. Wannan atamfar ko a mafarki ba ki taɓa ɗaura irinta ba."

Gambi ta leƙa ƙwaryar ta taɓe baki. "Goro na da shi. Zane kuwa wanda ke jikina bai yage ba. Fansata daban ce. Mintu, ara mini taɓaryarki."

Abin mamaki, taɓaryar na jingine a bayan Mintu kamar dama jira take. Gambi ta nuna gindin shuɗin bangon da haɓa.

"Bugu uku, a nan, da hannunka, a gaban jama'a. In ka yi, ga jikanka. Kuma duk wanda ke cikin ɗakin ya fito, ina son shaidu."

Wuri ya ɗauki shewa. Kimba bai taya su shewar ba, don shi ma ya taɓa bangon nan da tafin hannu ba sau ɗaya ba, lokacin da ba mai ganinsa. Ya waiwaya wajen Alfa Sumana, limaminmu, ko zai ce wasan ya wuce gona da iri. Alfa ya gyara rawani ya ce, "Malam Kimba, tun kakanninmu ba a taɓa mayar da fansar taubashi ba. In ka ƙi, yaro na Gambi ne har ya yi gemu."

Ga dangin miji daga Yamai sun zuba ido. Ga mutanen da ya riƙa ba shawara daga kan kujera ranar gayya. Kimba ya naɗe hannun babbar riga ya karɓi taɓarya.

Ya ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ku matso ku ga aikin Kumasi. Ke kuma tsohuwar kada, in taɓaryar ta karye ke za ki biya."

Ya kai bugu na fari. Bango ya amsa da wata murya irin ta gangar da aka bari a raɓa. Makaɗa suka dubi juna, ɗayansu ya ce wannan ai abokin sana'a ne. Ya kai na biyu, simintin ya tsattsage kamar ɓawon ƙwai, wani ɓangare ya faɗo. Dariya ta fara raguwa. Kimba ya so ya tsaya nan, amma girman kai ya riƙe masa gwiwar hannu. Ya rufe ido ya kai na uku da dukkan ƙarfinsa.

Taɓarya ta shige har rabinta, ta kusa jan mai ita.

Da ya zaro ta sai ga abin da ke ciki ya biyo baya. Ba tubali ba ne, kunu ne, baƙin kunun laka mai wari, yana tsiyaya a hankali har kan takalminsa. Akwai waɗanda suka rantse cewa har da wata tarwaɗa mai rai ta fito tana wutsil-wutsil. Ni dai ban ga fitowarta ba, amma na sha romonta.

Sai aka ji azara ta yi ƙara daga sama. Alfa Sumana ya daka tsawa, "Ku ja da baya!" Wani saurayi ya fizgo Kimba ta wuyan riga. Bangon bai faɗi da gaggawa ba. Ya ɗan yi tunani tukuna, ya durƙusa, sannan ya zauna daɓas kamar dattijon da ya dawo daga gona. Azara ta biyo shi, ƙasar rufin duka ta rufto ciki.

Can sai ƙura ta lafa. Kimba na tsaye, shuɗin fenti da laka sun yi masa kwalliya daga hula har ƙafa. Bai dubi jama'a ba. Idonsa na kan wuri guda, inda wata ƙatuwar azara ta kwanta a tsakiyar sabon gadon ta raba shi biyu, gefen gidan sauron kaɗai ke leƙowa daga ƙarƙashin tulin ƙasa. Nan ne ya auna da hannunsa ya ce kan jariri zai kwanta.

Taɓaryar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ce da wata ƙaramar murya da ba mu san shi da ita ba, "Ina yaron? Ina Bibata?"

Ya san inda suke sarai, amma sai da ya tambaya. Bibata ta taho da gudu daga gidan Gambi tana kiran "Baba! Baba!" Kimba ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Gambi ta kwance goyo, ta durƙusa, ta ɗora masa jaririn a cinya. Yaron bai ma farka ba. Kimba ya dube shi ya dube shi, hawaye na wanke masa hanya biyu cikin lakar fuskarsa.

Gambi ta goge nata idon da bakin zane, don kada a ce kada ta yi kuka. Sannan ta miƙe ta dubi jama'a.

Ta ce, "Ku shaida, bawana ba marowaci ba ne. Na ce bugu uku, ya ba ni ɗaki guda."

Dariyar da aka yi ranar, an ce masunta sun jiyo ta daga tsallaken kogi. Alfa Sumana ya yi dariya har rawaninsa ya warware, sannan ya ɗaga hannu aka yi addu'ar godiya mai tsawo. Makaɗa suka saki kiɗa, aka sauke shinkafa, aka ci rago a gaban kangon. Dangin mijin Bibata suka ce sun je bukukuwa da yawa amma ba su taɓa zuwa inda mai gida ya rushe ɗaki don murnar jika ba. Kimba da kansa ya yi dariya, ya kama hannun Mintu a gaban kowa ya ce ta yafe masa, abin da ba a taɓa ganin namiji ya yi a Tondibangu ba.

Bibata da jaririnta suka sauka a ɗakin Mintu, suka yi jegonsu lafiya lau. Saura Kimba, wanda ya wayi gari ba shi da wurin ajiye haƙarƙari, tunda namiji ba ya kwana a ɗakin jego. Aka duba duk garin, kowa na fama da gyaran nasa, ba inda ke da sarari sai zauren gidan Gambi. Nan ya shimfiɗa tabarma har aka yi arba'in. Kullum da safe sai ta aiko masa da koko mai zafi, sannan ta biyo bayan kokon ta tsaya a bakin zaure.

"Bawana, ka tashi lafiya? Don Allah kada ka jingina da bangona, hannunka ba shi da kyau."

Shi kuwa sai ya sha kokonsa ya ce, "Na ji, uwar ɗakina."

Darasi: Ruwa in ya shiga gida ba ya fita ranar da ido ya daina ganinsa. Bayan ambaliya kada kyan bango ya ruɗe ka. Ka ƙwanƙwasa ka saurara, ka taɓa ka ji sanyinsa, ka lura da ƙofar da ta fara cijewa, da farin garin da ke fesowa, da wari, da tsaga komai ƙanƙantarta, kuma kada ka kwantar da iyalinka a ɗaki sai ka tabbatar ya bushe har cikinsa. Wanda ya shafe alamar ciwo bai warkar da ciwo ba, ɗan aike kawai ya kora. Haka kuma kada ka raina gaskiya don ta zo maka cikin wasa ko ta fito daga bakin na gida. Kimba ya ci sa'a yana da taubashiyar da ta fi shi taurin kai. Ba kowa Allah ke ba irin ta ba, saboda haka gara kunne ya ji tun da wuri, jiki ya tsira.